Inda Tsuntsayen Turai Ke Zuwa Cin Rani: Mutanen Dogo Nini Sun Shiga Kwalekwale A Fadamun Nguru

Daga Wakilinmu na Arewa, Potiskum

Yawancin 'yan'uwanmu da ke zaune a Legas da Badun da Anacha da Fatakwal, in aka yi zancen Jihar Yobe, abin da ke faɗo musu a rai shi ne rairayi da zafin rana, sai kuma manyan motocin shanu da ke tasowa daga kasuwar Potiskum. To, duk akwai waɗannan. Amma akwai wani gefe na jihar wanda ko 'yan asalinta da yawa ba su taɓa sa shi a ido ba, watau fadamun nan da suka shimfiɗu tun daga Haɗeja ta Jihar Jigawa har zuwa Nguru da Gashuwa, inda mutum zai shiga kwalekwale da sassafe ya kai azahar bisa ruwa bai ga iyakarsa ba. Wani kaso na bandar kifi da tattasai da barkonon da ake saukewa a kasuwannin Kudu daga can yake fitowa, ko da yake mai saye ba ya tambaya.

Ba mutane kaɗai ke cin arzikin wurin ba. Kamar yadda ɗan Arewa ke ɗaure 'yan kayansa bayan an gama girbi ya nufi Kurmi, haka nan dubun dubatar tsuntsaye ke tasowa daga Turai da Rasha idan sanyi ya daskarar da ruwan ƙasarsu, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a waɗannan fadamu tun daga wajen watan Satumba, su zauna har watan Maris ko Afrilu sa'an nan su koma gida su yi ƙwai. A ƙidayar da masana suka yi cikin watan Janairu na 1997 an sami tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a wurin, kuma ire-iren tsuntsayen da aka taɓa gani aka rubuta sun haura 370.

Ganin waɗannan baƙi kafin su tashi shi ne ya sa waɗansu samarin unguwar Dogo Nini ta cikin garin Potiskum suka yi karo-karo suka ɗauki shatar mota a ƙarshen hunturu, bazara na ƙoƙarin shigowa. A cikinsu akwai malaman makaranta, da direbobi, da masu sana'ar hannu, da 'yan ɗalibai kaɗan, kuma mafi yawansu ba su taɓa taka cikin kwalekwale ba. Wakilinku ya bi su.

KOGIN DA YA RATSA JIHOHI

Daga Potiskum hanya ta miƙe arewa, ta bi ta Jakusko ta faɗa Gashuwa. Mutum na tafe yana ganin ƙasa na sakewa, itatuwa na raguwa, goruba da ƙaya na ƙaruwa. A wannan yanki ne tsohon birnin Gogaram yake, wanda Lawan Babuje ya yi wa ganuwa a ƙarni na 19, kuma shi ne mazaunin sarautar Bade kafin a mai da ita Gashuwa. A can ake yin bikin kamun kifin nan na Bade da ake kira Mauyi Ganga, inda masunta ke kwanciya bisa manyan gorayen duma suna yawo a kan ruwa da koma a hannu.

Kafin mu shiga labarin ruwa ya kamata mai karatu ya san inda ruwan ya fito, don kuwa duk rigimar da ke tafe a nan take. Koguna biyu ne manya. Na fari shi ne kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa. Na biyu shi ne kogin Jama'are, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos ya ratsa Jihar Bauci ta ƙasar Katagum. Da suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai suka ci karo da jerin tsofaffin tuddan rairayi, suka rasa hanya guda ta wucewa, sabo da haka suka rarrabu rassa-rassa, suka malale ko'ina. Can gab da Gashuwa sai rassan suka sake haɗuwa suka zama kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu Yobe, kalmar komadugu kuwa kogi take nufi a harshensu. Daga nan ya wuce Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar ta wajen Difa, har ya zuba cikin Tafkin Cadi. Sunan wannan kogi aka ba jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Barno ran 27 ga watan Agusta na 1991.

Ruwan kan fara hauhawa ne tsakiyar damina, ya cika ya batse wajen Satumba, sa'an nan ya riƙa ja da baya sannu-sannu har bazara. A bisa wannan hawa da sauka mutanen wurin suka gina rayuwarsu tun kaka da kakanni. In ruwa ya zo manomi ya sami shinkafa, kifi kuma ya shiga cikin ciyawa ya hayayyafa. In ya fara janyewa masunci ya tare bakin mashigi, manomi ya bi danshi ya shuka wake, wani ya kafa injin ban-ruwa ya yi alkama da albasa da tattasai. In ya janye sarai Bafillace ya iso da garkensa ya sami ɗanyar ciyawa a lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Fili ɗaya, masu ci uku, kowa da lokacinsa. Har ila yau ruwan da ya kwanta wata da watanni yana tsuma cikin ƙasa, shi ne ke ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin ma.

A Gashuwa muka tsaya muka yi salla, muka leƙa kogin daga kan gada. A wannan lokaci na shekara ya sauka ƙwarai, yashi ya fito a gefe da gefe, yara na wanka, ga injinan ban-ruwa suna ta ƙara a bakin gaɓa.

DAGONA

Da la'asar muka isa Dagona, wani ƙauye ne cikin Ƙaramar Hukumar Bade, tsakanin Gashuwa da Nguru. Tafkin da ke wurin tsohuwar kwanar kogi ce da ruwa ya yanke ya bari, kuma an keɓe shi musamman domin tsuntsaye. Yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991, mai sassa uku: Chingurmi-Duguma a Jihar Barno, da Bulatura cikin tuddan rairayin Yusufari, da kuma wannan sashe na Bade da Nguru. Marigayi Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da ƙafarsa a 1989, sa'ad da yake shugabancin ƙungiyar nan ta kare namun daji ta duniya mai suna WWF. Mutum daga London ya san hanyar Dagona, amma mu da ke Potiskum sai da muka yi ta tambaya a hanya.

A nan ba a shiga da ƙugiya ko taru ko bindiga, sai dai ido. Ma'aikatan gandun daji ne ke yi wa baƙo jagora, a tsaya nesa kaɗan a ƙarƙashin bagaruwa a yi kallo. Mun tarar ruwan ya ja baya da yawa, tsuntsayen sun taru a ɗan abin da ya rage, ga kirinjijiya garke-garke suna ta fito irin nasu, ga dinya da ta fi su girma tana takama a bakin laka. Waɗansu daga cikin samarin sun hangi jan biri ya gilma cikin itatuwa. Madubin hangen nesa guda biyu kacal muke da su, aka yi ta karɓa-karɓa har magariba ta yi.

Akwai wata yarjejeniya ta duniya da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971 domin kiyaye fadamu da tafkuna masu muhimmanci. Wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta shi ne Tafkin Nguru da mashigin Marma, a shekarar 2000, mai faɗin hekta 58,100. Dagona ta biyo baya a 2008, tare da Baturiya ta Jihar Jigawa. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin jerin wuraren da take so a kiyaye halittunsu ba tare da an kori mutanen da ke ci daga gare su ba. Takardu dai ga su nan birjik. Ko sun isa su kawo ruwa, wannan wata magana ce, za mu zo gare ta.

BISA RUWA

Washegari da asuba muka nufi Nguru, garin da jirgin ƙasa daga Kano ya iso a 1930 ya mai da shi matattarar gyaɗa da shanu da fatu. Daga nan muka gangara Dabar Magini, bakin ruwan da masunta ke ɗaure jiragensu. Aka yi ciniki da masu kwalekwale, aka raba mu gida uku.

Kwalekwalen wurin na katako ne, doguwa siririya, ƙasanta a shafe don ta iya bi ta ruwa marar zurfi. Matuƙi na tsaye a baya da doguwar sanda yana dogarawa, in an shiga zurfin da sanda ba ta taɓa ƙasa sai a koma ga filafili. A tsakiya kuma akwai yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa, wadda aka danƙa wa mafi ƙanƙanta a kowane jirgi. Doka ta fari da matuƙan suka kafa ita ce kowa ya zauna a inda aka ajiye shi, kada wanda ya miƙe, kada kuma a karkata gefe guda gaba ɗaya don an ga wani abu. Doka ta biyu ita ce a rage surutu. Wannan ta biyun ta fi wuya ga mutanen Dogo Nini.

Da aka ɗan yi nisa sai aka ba samarin filafili su gwada. Wani direban babbar mota da ya sha kai shanu Legas ya dawo, wanda ba a gaya masa maganar tuƙi, ya karɓa da ƙarfinsa ya yi ta zuba wa ruwa duka ta gefe ɗaya, jirgi kuwa ya yi ta juyawa a wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke. Sai da dattijon da ke tuƙa su ya nuna masa cewa ba ƙarfi ake so ba: a tsoma filafilin duka cikin ruwa, a ja shi a hankali kusa da jikin jirgi, a ɗan murɗa shi waje a ƙarshe don hancin jirgin ya tsaya sosai. Kafin hantsi ya dubi ludayi hannuwa sun fara sabawa, jiragen uku suka jeru suka shiga mashigin Marma, wanda reshe ne na kogin Haɗeja, shi ne kuma ke cika Tafkin Nguru.

A nan mutum zai gane amfanin kwalekwale. Mota ko jirgi mai inji tun daga nesa suke korar komai, amma jirgin filafili yakan silale har ya kusanci tsuntsu bai ankara ba. Mun wuce zalɓe yana tsaye ƙiƙam cikin ruwa yana jiran kifi, da jinjimi mai farin jiki da baƙin kai yana caccakar laka, da balbela fari fat a bayan shanun da aka kawo shan ruwa. Ga wani ɗan tsuntsu ja-ja mai dogayen yatsu yana tafiya bisa ganyen bado kamar a kan tabarma. Ga wani mai zanen fari da baƙi da kan tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, sai ya faɗo tsulum ya fito da ɗan kifi a baki. Wata ƙatuwar guza da ke shan hantsi a kan tudu ta ji motsinmu ta sulale cikin ruwa, wanda ya sa ɗaya daga cikin ɗaliban ya janye hannunsa daga bakin jirgi bai sake mai da shi ba har muka sauka.

Masunta kuwa ga su nan ko'ina, wani na jefa birgi, wani na duba kalli da ya kwana cikin ruwa, wani na ɗaga mali yana zazzage abin da ya shiga. Abin da muka fi gani a jiragensu shi ne karfasa da tarwaɗa da kurungu, yawancinsu ƙanana. Dattawan cikinsu suna kuka da masu yin dumba, watau shingen da ake gitta wa mashigi baki ɗaya a jera tarkuna a jikinsa, wanda ba ya barin babba balle yaro. Suna kuka kuma da taru mai ƙananan idanu. Amma in ka matsa da tambaya sai ka tarar mai kukan ma yana da irinsa a gida, don in bai kama ba na gaba da shi zai kama.

BAƘI NA SHIRIN KOMAWA

Da muka fito wani fili mai faɗi sai matuƙin gaba ya ɗaga hannu, aka tsai da filafili. Can gabanmu ruwan ya yi baƙi da agwagi. Yawancinsu wata 'yar ƙaramar agwagwa ce wadda namijinta ke da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya, Turawan Ingila na kiranta gagani. Ba ta kai rabin kazar gida ba, amma a ƙasashen Turai da Rasha ake ƙyanƙyashe ta, kuma kusan dukan danginta kan bar can da sanyi. Wani irin shaho mai shawagi bisa ciyawa, shi ma baƙo ne daga Turai, ya gilma ta kansu, sai suka tashi gaba ɗaya da wata irin ƙara kamar iskar hadari, suka kewaya suka sake sauka. Jiragen nan uku tsit, ba mai magana.

A gonakin shinkafar da aka girbe kuma akwai wani mai dogayen ƙafafu, launin ƙasa-ƙasa, da ake kira raf, wanda ke tsintar shinkafar da ta zube. Waɗansunsu daga can arewacin Rasha suke, yankin Saiberiya. A nan ba shi da wani kyan gani, amma in ya koma gida namijin kan fid da wani tulin gashi a wuya kamar wanda ya naɗa rawani, ya shiga fagen nuna isa a gaban mata. Mazan kan riga matan tashi.

Wannan lokaci na ƙarshen hunturu shi ne mafi muhimmanci a gare su, domin guzuri suke haɗawa. Tsakanin nan da gaɓar Bahar Rum akwai hamada ta fiye da kilomita 1,500, ba ruwa ba abinci. Tsuntsu ba shi da jaka, sabo da haka kitse yake tarawa a jikinsa, shi ne man da zai ƙona a hanya. Waɗansu masana daga Ingila da suka yi aiki a Malam Fatori, bakin Tafkin Cadi, a ƙarshen shekarun 1960, sun riƙa kama ƙananan tsuntsaye suna aunawa a irin wannan lokaci, suka ga yadda nauyinsu ke hauhawa kafin su tashi. An san cewa waɗansu ƙananan kan kusan ninka nauyinsu. In fadama ta bushe da wuri, ko abinci ya yi ƙaranci, tsuntsu zai tashi da rabin guzuri ya faɗi a tsakiyar rairayi. An lura da haka a lokacin babban farin da aka yi a ƙasashen Sahel daga ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da waɗansu ire-iren tsuntsaye suka ragu ƙwarai a Ingila, aka bi sawu aka tarar a nan gefenmu matsalar take. Duk wanda ya taɓa barin Legas da kuɗin motar da ba su kai shi gida ba ya san wannan hali.

Suna tashi kuma wata baƙuwar ke isowa daga kudu, watau shamuwa, wadda kowane yaro a ƙasar Hausa ya san zuwanta na nufin damina ta kusa. Gauraka kuwa, mai tukkun nan na zinariya wanda akan ce shi ne tsuntsun ƙasar Nijeriya, mun ɗaga kai mun nema har wuya ya gaji ba mu gan shi ba. Kamu don sayarwa da lalacewar wuraren da yake ƙwai sun sa ya yi wuyar gani a ƙasar nan baki ɗaya.

KACALA DA MADATSUN RUWA

Abin da ya fi tsaya wa wakilinku a rai a wannan tafiya ba tsuntsu ba ne, ciyawa ce. Sunanta kacala. Tsawonta ya fi mutum, tana tsirowa a cunkushe kamar bango, kuma akwai inda muka yi kusan rabin sa'a muna bin wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sara a tsakiyarta, ba ka ganin komai sai sama. A waɗansu wuraren sai da matuƙi ya sauka cikin ruwa ya tura jirgin da hannu.

Dā can kacala ba ta da wannan ƙarfi, domin in rani ya yi mashigai kan bushe, rana da wuta da shanu su gama da ita. Abin da ya sake lissafi shi ne madatsun ruwa. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka gama ta Challawa a 1992. Tun daga nan ruwan kogin Haɗeja ya daina zuwa da lokacinsa na asali. Babban cikar damina ta ragu, da rani kuma ana sako ruwa kaɗan-kaɗan domin masu noman rani da masu sha, watau mashigai ba sa cika sosai kuma ba sa bushewa sosai. Wannan shi ne daidai abin da kacala ke so. Saiwarta ta riƙe laka, laka ta toshe hanya, ruwa ya rasa mafita. Sakamakon haka tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana, waɗanda dā ke kai ruwa Gashuwa, suka toshe, yawancin ruwan ya karkata zuwa Marma. Sai ga abin mamaki: ƙauyukan wajen Nguru ruwa ya cinye musu gonaki shekara da shekaru, na ƙasa da su kuwa suna kukan rashinsa.

Bugu da ƙari kacala ta zama gidan kwanan jan-baki, tsuntsun nan da ke sauka gonar gero ko shinkafa dubbai ya bar manomi da kara. Gwamnati kan turo jirgin sama ya yi feshi, mutanen ƙauye kuma kan kama shi da raga su soya su kai kasuwa, amma muddin makwancinsa na nan zai dawo. Sauro ma ya sami wurin zama, haka nan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Kafin a yi waɗannan madatsu, a shekarar da aka sami ruwa sosai, malalar kan rufe ƙasa fiye da murabba'in kilomita 2,000. Bayan madatsu da farin shekarun 1970 da 1980 sai ta riƙa tsayawa ƙasa da rabin haka. A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da ƙungiyoyin masu kula da tsuntsaye na Ingila da kuma ƙungiyar NCF ta nan gida. A ƙarƙashin wannan shiri wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka zauna a farkon shekarun 1990 suka yi lissafin abin da fadamar ke bayarwa na amfanin gona da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da babban aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Suka tarar cewa in aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba.

Ba muna cewa manomin Kadawa ko Kura ba shi da hakki ba ne. Tumatirin da ke cika kwanduna a Mile 12 shi ma gumin ɗan Arewa ne, birnin Kano kuma dole ya sha ruwa. Amma a ganin wakilinku, wanda ke zaune a saman kogi ya fi samun mai jin kukansa, don kusa yake da ofis, na ƙasa kuwa sai dai ya ga ruwa ya zo ko bai zo ba. Yawancin ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Gashuwa na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar madatsar Kafin Zaki ta Jihar Bauci, wadda aka soma tun zamanin mulkin Shagari aka tsaya, sai hankalin mutanen Yobe da Barno ya tashi. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, watau Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya a Damaturu suka kafa wani asusu na gyaran kogin, an kuma yi aikin yashe waɗansu mashigai. Sai dai kacala ba ta san an yi taro ba. In aka sare ta aka tafi, ta dawo.

Mutanen ƙauyukan kan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda, kuma sun gane cewa in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa saiwar kan shaƙe ta mutu, in aka yanke a sama kuwa kamar aski aka yi mata. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta shiga binciken yadda za a mai da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. A ƙasashen Senegal da Muritaniya, inda irin wannan ciyawa ta addabi kogin Senegal bayan an yi masa madatsu, har gawayi ake yi da ita. Ga 'yan kasuwarmu na Kudu masu neman inda za su sa jari a gida, wannan abin dubawa ne, musamman da yake buhun gawayin itace sai daɗa tsada yake yi, bagaruwar bakin kogi kuwa ita ke biyan kuɗin.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Wanda ya zo gida hutu yana so ya kai iyalinsa, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa farkon Maris. Bayan nan zafi ya yi yawa, baƙin kuma sun fara tafiya. A fara neman ma'aikatan gandun daji kafin a shiga Dagona, a kuma tambayi halin da hanya ke ciki kafin a tashi, a yi tafiyar da rana.

Maganar da ba wasa a cikinta ita ce ta lodi. Kusan kowace shekara sai an ji kwalekwale ya kife da mutane a kogunan Arewa, kuma in ka bincika dalilan ba sa wuce uku: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Samarin Dogo Nini sun yi dabara da suka ɗauki jirgi uku a inda mai jirgi ya ce biyu sun isa, suka kuma aro rigunan ruwa suka sa wa ɗaliban da duk wanda bai iya iyo ba. Ƙarin kuɗin bai kai na buhun shinkafa ba. Kada a yi wanka a ruwan da ke kwance sabo da tsargiya, a tafi da ruwan sha daga gida, da malafa. In an ga mataccen tsuntsu kada yara su ɗauka, don murar tsuntsaye ta taɓa shigowa ƙasar nan tun 2006.

Wani lokaci masunci ko maharbi kan sami tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, da lamba da sunan wani gari na Turai a jiki. Waɗansu kan ɓoye don tsoron hukuma, waɗansu kan ɗauka wani abin asiri ne su sa a laya. Masana ne suka sa shi don su san hanyar da tsuntsun ke bi da shekarun da yake yi a duniya. Abin da ake so shi ne a kwafi lambar da rubutun, a rubuta ranar da wurin da aka same shi, a kai wa ma'aikatan gandun daji na Dagona ko na Nguru.